Yadda Ake Haɗa Tawagar Pokémon Don Gasar Biyu-da-Biyu

Wanda ya gama labarin wasan bidiyo na Pokémon Scarlet ko Violet da dabbobi (wato Pokémon) shida da ya fi ƙauna yakan ɗauka cewa ya isa ya kara da mutane a intanet, sai ya shiga, a tashe shi tsaye cikin zagaye huɗu ko biyar. Dalili kuwa shi ne, abokan karawar da wasan ya tanada ba sa karanta tunaninka, ba kasafai suke janye dabbar da ke cikin haɗari ba, kuma ba su da shiri. Mutum kuwa yana zuwa da shiri, tun kafin a jefa hari na farko ya san wadda zai fara kayarwa da wadda zai bari sai ƙarshe. Saboda haka tawagar gasa ana gina ta ne a kan hanya ɗaya tabbatacciya ta cin wasa, sannan a kewaye wannan hanya da masu kare ta. Wannan bayani ya shafi tsarin VGC, wato gasar da kamfanin Pokémon ke shiryawa da kansa, inda kowane ɗan wasa ke zuwa da dabbobi 6, ya zaɓi 4, biyu suna fili biyu suna jira a baya, kuma ana mayar da kowace dabba mataki na 50 don kada wani ya fi wani da yawan horo kawai. Wasan ba shi da Hausa, don haka sunayen dabbobi da makamai (dabarun da dabba ke yi a fili) da kayan riƙo zan bar su yadda za ka gan su a allo, yawancin sunayen nau'o'i kuwa zan fassara su.

Abubuwan da za ka tanada

Na farko shi ne Pokémon Showdown, shafin intanet na kyauta da ke buɗewa a waya ko kwamfuta ba tare da sauke komai ba. A can za ka rubuta tawaga cikin 'yan mintoci ka shiga fafatawa da mutane, kuma bai cika cin data ba idan ka kashe sauti da motsin hotuna. Wanda ba shi da na'urar Nintendo Switch zai iya koyon gasar gaba ɗaya a nan, kuma ko mai na'urar ma ina ba shi shawara ya fara daga nan. Na biyu shi ne ma'aunin ɓarna na Showdown ɗin, wanda za ka saka masa dabbobi biyu ya gaya maka kashi nawa na jini hari zai ɗauke. Na uku shi ne shafin da ke nuna dabbobin da aka fi amfani da su a lokacin, irin su Pikalytics. Na huɗu littafin rubutu ne da biro, kuma kada ka raina shi. Idan kana son kai tawagar cikin ainihin wasan, sai ka ƙara da na'urar Switch, da Scarlet ko Violet wanda ya fito a Nuwamban 2022, da rajistar Nintendo Switch Online, domin ba a shiga fafatawar matsayi sai da ita.

Mataki na 1: Karanta dokar kakar da ake ciki

Dokokin VGC suna canjawa bayan 'yan watanni, kuma kowace doka tana faɗin dabbobin da aka yarda da su. Akwai lokacin da aka yarda da babbar dabbar almara ɗaya irin su Miraidon ko Calyrex, akwai lokacin da aka yarda da biyu, sannan Regulation H da ta fara aiki a Satumban 2024 ta hana dabbobin almara da rukunin da ake kira Paradox baki ɗaya. Abu biyu ne ba sa canjawa: ba a maimaita dabba iri ɗaya a tawaga, kuma ba a ba dabbobi biyu kayan riƙo iri ɗaya. Zan ɗauki misalina daga Regulation H domin dabbobinta sun fi sauƙin samu, amma matakan suna aiki a kowace doka. Kuskuren da sababbi suka fi yi a nan shi ne su kwafo tawagar da ta ci gasa shekara biyu da suka wuce ba tare da duba ko dokarta tana nan ba.

Mataki na 2: Haddace abin da ya zama dole daga jadawalin nau'o'i

Nau'o'i 18 ne, irin su Ruwa da Wuta da Ƙasa, kowace dabba tana da ɗaya ko biyu, kowane hari ma yana da nasa, kuma ba sai ka haddace jadawalin duka a rana ɗaya ba, amma lissafin da ke ƙarƙashinsa wajibi ne. Harin da ya dace da raunin dabba yana ninka ɓarna sau 2, idan nau'o'inta biyu duk suna da wannan rauni sai ya ninka sau 4, kamar yadda Ƙanƙara ke yi wa Garchomp ko Lantarki ke yi wa Pelipper. Harin da dabba ke jurewa yana raguwa zuwa rabi. Idan dabba ta yi hari da nau'in da take da shi, ana ƙara masa rabin ƙarfinsa. Harin da ke dukan abokan gaba biyu a lokaci guda yana sauka zuwa kashi 75 cikin ɗari a kan kowanne.

Abin da nake so ka fara sakawa a ka shi ne waɗanda ba sa taɓa juna sam, domin da su ake juya wasa. Harin Ƙasa ba ya samun mai Tashi, Lantarki ba ya samun na Ƙasa, Dambe da Normal ba sa samun Fatalwa, harin Fatalwa ba ya samun Normal, Psychic ba ya samun Duhu, Guba ba ta samun Ƙarfe, Dragon kuma ba ya samun Fairy. Duk lokacin da ka janye dabba ka shigo da wadda harin ba zai taɓa ba, ka ci zagaye guda kyauta, kuma a wasan da sau da yawa bai wuce zagaye takwas ba, zagaye guda babban abu ne.

Mataki na 3: Zaɓi jigo, dabbobi biyu da ke ƙarfafa juna

Kada ka fara da shida. Ka fara da tambaya ɗaya: da me zan ci wasa? Amsar ita ce jigon tawagarka. A misalinmu jigon shi ne Pelipper da Archaludon. Pelipper tana da baiwar Drizzle (baiwa ita ce ikon dabba da ke aiki da kansa), da zarar ta shigo fili sai ruwan sama ya sauka na zagaye 5. Ruwan yana ƙara wa harin Ruwa rabin ƙarfinsa, yana rage na Wuta zuwa rabi, yana kuma sa Hurricane ta daina kuskure. Archaludon kuwa yana da Electro Shot mai ƙarfi 130, wanda a ranar da babu ruwa sai ya ɗauki zagaye biyu kafin ya fita, amma a cikin ruwan sama yana fita nan take, kuma kowane harbi yana ɗaga masa ƙarfin hari na musamman, wato wanda ba dukan jiki ba, da mataki ɗaya. Ga baiwarsa Stamina, wadda ke ɗaga masa tsaro duk lokacin da aka doke shi, shi kuma Body Press da tsaron yake auna ƙarfinsa. Wato idan aka ƙyale shi yana ƙara ƙarfi, idan aka doke shi da abin da bai kayar da shi ba nan ma yana ƙara ƙarfi.

Duba kuma yadda suke rufe wa juna baya. Archaludon na Ƙarfe ne da Dragon, rauninsa biyu ne kawai, Ƙasa da Dambe. Pelipper kuwa Ƙasa ba ta taɓa ta, kuma tana jure Dambe. Ita babbar matsalarta Lantarki ce, shi kuma yana jure Lantarki. Irin wannan dacewa ake nema a jigo, kowa ya iya tsayawa a inda ɗan'uwansa zai faɗi. Idan ruwan sama bai kwanta maka ba, akwai jigon rana da Torkoal, akwai na Trick Room (makamin da ke juya tsarin sauri) da Farigiraf da Ursaluna, akwai Indeedee da Armarouge. Wanda ka zaɓa duka daidai ne, muddin za ka iya bayyana shirinka a jimla biyu. Idan ba za ka iya ba, ba ka da shiri tukuna.

Mataki na 4: Warware maganar sauri

Wannan shi ne matakin da na fi so ka daɗe a kai, domin a ganina mafi yawan wasannin da sababbi ke rasawa a nan suke rasa su tun kafin a fara. A kowane zagaye dabbobi huɗu ne ke motsi, wadda ta fi sauri ita ke fara yi, kuma dabbar da aka kayar kafin layinta ya zo ta tafi da harinta a hannu. Saboda haka kowace tawaga tana buƙatar aƙalla hanya ɗaya ta juya tsarin layi, biyu kuma sun fi.

Hanyoyin sanannu ne. Tailwind tana ninka saurin ɓangarenka na zagaye 4, har da zagayen da aka yi ta, kuma tana fara aiki nan take, wato abokin da bai riga ya motsa ba zai iya tsallake layi a wannan zagayen. Trick Room tana juya lamarin na zagaye 5, marar sauri ya riga mai sauri, amma ita ce ta ƙarshe da ke fita a zagayen da aka yi ta, don haka mai yin ta sai ya sha duka tukuna. Icy Wind da Electroweb suna rage saurin abokan gaba biyu da mataki ɗaya. Thunder Wave tana rage saurin dabba ɗaya zuwa rabi. Choice Scarf tana ƙara wa mai riƙe da ita rabin saurinsa, amma tana ɗaure shi a kan makami ɗaya har sai ya fita daga fili. Sannan akwai makaman da ke da fifiko, waɗanda ke fita kafin a duba sauri kwata-kwata: Protect mai tare hari na zagaye ɗaya, sai Fake Out a bayanta, sai Extreme Speed da Follow Me da Rage Powder, sai irin su Aqua Jet da Sucker Punch.

A tawagarmu Pelipper za ta riƙe Tailwind, kuma dabba ta uku da zan ƙara ita ce Basculegion namiji mai baiwar Swift Swim, wadda ke ninka saurinsa a cikin ruwan sama. Ga lissafin kusa da kusa. A mataki na 50, Basculegion mai ɗabi'ar Adamant (bayanin ɗabi'a yana Mataki na 7) da aka cika masa sauri yana da 130, a cikin ruwa ya zama 260. Garchomp mai ɗabi'ar Jolly da aka cika masa sauri yana da 169, idan ya ɗaura Choice Scarf ya kai 253. Ke nan ko da gyale a wuyansa Basculegion ya riga shi, amma da zarar ruwa ya ɗauke, 130 ya koma bayan 169, wasan kuma ya juya. Irin waɗannan lambobi su ne za ka rubuta a littafinka: saurin dabbobinka shida, da saurin dabbobi goma ko goma sha biyar da ka fi haɗuwa da su, a jere daga sama zuwa ƙasa. Idan sauri ya zo daidai wa daida, wasan ne ke jefa ƙuri'a, kuma bai kamata ka jingina shirinka a kan ƙuri'a ba.

Wani gargaɗi game da yanayi: idan masu kawo yanayi biyu suka shigo a lokaci ɗaya, na wanda ya fi rashin sauri ne ke tabbata, domin shi ne na ƙarshe da baiwarsa ke tashi. Torkoal mai kawo rana ya fi Pelipper rashin sauri nesa ba kusa ba, don haka idan ka fito da Pelipper a farko shi ma ya fito da Torkoal, rana za ka gani. Maganin shi ne ka ajiye Pelipper a baya, ka shigo da ita bayan rana ta fito.

Mataki na 5: Cike gurbi da masu tallafi

Saura gurbi uku, kuma a nan zuciya za ta riƙa raya maka ka ƙara masu duka. Kada ka biye mata. Masu duka uku sun isa, abin da suke buƙata shi ne wanda zai saya musu lokaci. A gasar duniya ta 2014 da aka yi a Washington, Se Jun Park na Koriya ta Kudu ya ɗauki kofi da Pachirisu a tawagarsa, 'yar ƙaramar dabba da ba ta da wani ƙarfin duka, amma tana da Follow Me da ke janyo hare-hare zuwa kanta da baiwar Volt Absorb da ke shanye Lantarki, sai ta zama garkuwa ga Gyarados ɗinsa wanda Lantarki ke ninka wa ɓarna sau 4. Wannan shi ne aikin mai tallafi.

Ga ukun da na zaɓa. Rillaboom yana kawo Fake Out, wadda ke hana dabba ɗaya motsi a zagayen farko da ya shigo, yana kuma shimfiɗa Grassy Terrain, wanda ke raba ƙarfin Earthquake biyu ya kuma mayar wa duk wanda ke taka ƙasa kashi ɗaya cikin 16 na jininsa a kowane zagaye. Shi ne kuma maganin Gastrodon, wanda baiwarsa Storm Drain ke shanye duk harin Ruwa mai dukan dabba ɗaya, Electro Shot ma ba ya taɓa shi, amma Ciyawa tana ninka masa sau 4. Incineroar yana kawo Fake Out ta biyu, da Intimidate da ke rage ƙarfin dukan jiki na abokan gaba biyu, da Parting Shot da yake fita da ita ya ba wani wuri. Gaskiya ne ruwan samanmu yana raunana Flare Blitz ɗinsa, amma ba don duka aka kawo shi ba, kuma yana da Knock Off da ke fizge kayan riƙo. Amoonguss kuma yana da Rage Powder mai janyo hari da Spore mai sa barci ba kuskure, ga shi marar sauri ƙwarai, wanda ya sa idan abokin gaba ya kunna Trick Room zai riga mafi yawan dabbobi ya kwantar da mai dukansu.

Yanzu ka zana jadawali a littafinka, dabbobi shida a tsaye, nau'o'i 18 a kwance, ka sa alama a duk inda akwai rauni da inda akwai juriya. Idan dabbobi uku suna da rauni ɗaya kuma babu mai jure shi, sai an canja ɗaya. Ka kuma tabbatar kana da masu dukan jiki da masu hari na musamman, domin tawagar da duk dukan jiki take yi, Intimidate da ƙunar Will-O-Wisp kaɗai sun isa su durƙusar da ita.

Mataki na 6: Raba makamai da kayan riƙo

Kowace dabba makami 4 take ɗauka. Ƙa'idar da nake bi ita ce kusan kowa ya riƙe Protect, in ban da mai Assault Vest da masu kayan Choice. Sababbi suna ganin Protect ɓata gurbi ne tunda ba ta cire wa kowa jini, alhali ita ce ke ƙona zagayen Tailwind da Trick Room na abokin gaba, ita ce ke sa hari biyu su tafi a banza yayin da abokin tafiyarka ke aiki. Sai dai idan ka yi ta sau biyu a jere, damar ta biyu ɗaya ce cikin uku, don haka kada ka dogara da hakan.

Dokar hana maimaita kaya za ta tilasta maka zaɓi. Archaludon da Rillaboom duk suna son Assault Vest, wadda ke ƙara rabin tsaro na musamman, amma guda ɗaya ce. Na ba Archaludon domin tsaronsa na musamman shi ne ɓangarensa mai rauni, kuma shi ne jigon tawaga. Rillaboom sai ya ɗauki Miracle Seed mai ƙara ƙarfin harin Ciyawa. Pelipper ta riƙe Focus Sash, wadda ke bar mata ɗigon jini idan aka doke ta da harin kisa alhali jininta cike yake, don ta samu ta saki Tailwind. Basculegion ya ɗauki Life Orb, wadda ke ƙara kashi 30 cikin ɗari a kan ɓarna tana cin kashi 10 na jininsa, ko Mystic Water mai ƙara ƙarfin harin Ruwa idan ka ga makaminsa Wave Crash tana cin jininsa da yawa. Incineroar ya sa Safety Goggles don Spore da Rage Powder su daina aiki a kansa, Amoonguss kuma ya riƙe Sitrus Berry mai mayar da jini. Gurbin Pelipper na ƙarshe tsakanin Protect da Wide Guard yake, kuma Wide Guard, mai tare harin da ke dukan dabbobi biyu a lokaci guda, tana da daraja idan kana yawan haɗuwa da Earthquake da Rock Slide da Make It Rain na Gholdengo.

Mataki na 7: Ɗabi'a, EV da IV

Ɗabi'a tana ɗaga ma'auni ɗaya da kashi 10 ta sauke wani da kashi 10, don haka ka sauke wanda dabbar ba ta amfani da shi: Adamant ko Jolly ga mai dukan jiki, Modest ko Timid ga mai hari na musamman, Brave ko Quiet ga ɗan Trick Room. IV lamba ce daga 0 zuwa 31 da dabba ke zuwa da ita, galibi 31 ake so, sai dai saurin 'yan Trick Room da ake so ya zama 0. EV kuwa maki 510 ne da kai kake rabawa, kuma ma'auni ɗaya ba ya ɗaukar fiye da 252. A mataki na 50, idan IV 31 ne, maki 4 na farko suna ba da lamba ɗaya, daga nan sai kowane 8, wato 4, 12, 20, har zuwa 252. Duk abin da ka saka tsakanin waɗannan lambobi asara ne.

Da farko ka wadatu da rabo mai sauƙi: 252 a duka, 252 a sauri, 4 a jini ga Basculegion, 252 a jini da sauran a tsaro ga Amoonguss da Incineroar. Rabo mai sarƙaƙiya yana zuwa ne bayan ka ga wani takamaiman hari yana kayar da dabbarka, sai ka buɗe ma'aunin ɓarna ka ƙara tsaro har ta tsira. Ka lura cewa ɓarna tana yawo tsakanin kashi 85 zuwa 100 na lissafi a matakai 16, shi ya sa ma'aunin ke ba ka lambobi biyu. Wajen tsira ka duba babbar, wajen kisa ka duba ƙaramar. Kada ka kwafi rabon wani gwani ba tare da sanin abin da ya yi shi dominsa ba, wataƙila ya auna shi ne don wata dabba da yanzu ba a ganinta.

Mataki na 8: Zaɓi nau'in Tera

Terastal yana canja nau'in dabba ɗaya sau ɗaya tak a wasa. Idan ka zaɓi nau'in da dabbar ke da shi tun asali, harinta na wannan nau'i yana ninkawa sau 2 maimakon ɗaya da rabi. Amma na fi ganin amfaninsa wajen kariya: Archaludon mai Tera Ciyawa yana jure Ƙasa kuma Spore ba ta kama shi, mai Tera Fairy kuma yana jure Dambe. Ka zaɓi wanda ya dace da abin da ya fi kayar da shi a wasanninka, kuma kada ka yi gaggawar kashe Tera a zagayen farko sai da dalili.

Mataki na 9: Koyi zaɓen huɗu

Kafin a fara wasa za a nuna maka dabbobin abokin gaba shida, kana da daƙiƙa 90 ka zaɓi huɗu ka jera su. A manyan gasanni na ido da ido har takardar tawaga ake musanya, ka ga makamai da kaya da Tera na abokin karawarka, amma a fafatawar matsayi ta cikin wasan fuskokin dabbobi kawai za ka gani. Tambayoyi uku za ka yi wa kanka da sauri: yaya yake sarrafa sauri, wace dabbarsa ce ta fi yi wa jigona barazana, kuma wace dabbata ce ba shi da maganinta? Ta ukun ita za ka adana har ƙarshe. Basculegion ya fi kyau a baya, domin Last Respects ɗinsa yana farawa da ƙarfi 50 ya ƙara 50 a kan kowane abokinsa da ya faɗi. Idan ka ga Rillaboom a ɗaya ɓangaren, ka tuna Grassy Glide ɗinsa yana da fifiko a kan ciyawa, saurin 260 ba zai ceci Basculegion ba, sai ka zo da Amoonguss ko Incineroar. Idan ka ga Kingambit ko Annihilape, ka yi hattara da Intimidate, domin baiwarsu Defiant tana mayar da ragin ya zama ƙari. Ba dole ba ne jigon ya fito a kowane wasa; akwai ranar da Pelipper za ta zauna a benci.

Mataki na 10: Gwaji da gyara

Ka buga wasanni ashirin ko talatin a Showdown kafin ka taɓa komai a tawagar. Bayan kowace faɗuwa ka adana maimaicin wasan, ka sake kallo, ka rubuta layi ɗaya: dabbar da ta kayar da kai da zagayen da wasan ya kuɓuce. Daga nan ka raba faɗuwar kashi uku, wadda zaɓen huɗu ya jawo, wadda shawarar cikin wasa ta jawo, da wadda tawagar ce ba ta da amsa. Kashi na uku ne kaɗai ke buƙatar canja dabba. Mugun bugu na sa'a da ke zuwa sau ɗaya cikin 24, ko harin da ya kuskure, ba dalilin rushe tawaga ba ne. Idan gyara ya zama dole, abu ɗaya za ka canja a lokaci guda, kamar mai gyaran miya da ba ya zuba gishiri da yaji tare don ya san wanne ne ya gyara ta.

Mataki na 11: Kai tawagar cikin wasa

Sai tawagar ta zauna sannan za ka kashe lokaci da kuɗin wasa a kanta. Ɗabi'a ana gyara ta da Mint daga shagon Chansey Supply, a can kuma ake sayen bitamin irin su Protein da Carbos da HP Up, kowane ɗaya maki 10 na EV. Wanda kuɗinsa bai kai ba sai ya sayi kayan Power a Delibird Presents, waɗanda ke ƙara maki 8 a kan kowace dabbar daji da aka kayar. IV ana cika shi da Bottle Cap wurin mai horo a garin Montenevera, idan dabbar ta kai mataki na 50, amma wannan horo ɗagawa kawai yake yi, ba ya saukewa, don haka mai neman sauri 0 sai ya bi ta ƙyanƙyasar ƙwai ko ya yi ta kamawa har ya dace. Nau'in Tera ana canja shi da Tera Shard 50 a gidan abincin Treasure Eatery da ke Medali. Idan ka zuba EV a inda bai dace ba, 'ya'yan itace irin su Pomeg da Tamato suna rage shi, Fresh-Start Mochi kuma yana share shi duka.

Archaludon yana cikin ƙarin wasan The Indigo Disk na Disamban 2023, Basculegion kuma ana samun asalinsa a Kitakami ta The Teal Mask. Wanda bai sayi waɗannan ba zai iya samun dabbobin ta musaya da wani ɗan wasa, ko ya yi amfani da tawagar aro, inda ake shigar da lambar da wani ya wallafa a karɓi tawagarsa cikakkiya a shiga fafatawa da ita. Kafin ka shiga wasan farko, ka buɗe shafin kowace dabba ka gwada lambobinta shida na mataki na 50 da waɗanda ke Showdown ɗaya bayan ɗaya, musamman sauri, domin bambancin lamba ɗaya ya isa ya mayar da dabbarka bayan wadda ka auna za ta riga.